Yadda Kwamfuta Ta So Ta Tona Asirin Gidanmu

'Yan'uwana ɗalibai, abin da zan ba ku labari ya faru ne cikin azumi, watan Maris na 2025, ina aji biyar. Sai da na nemi iznin mahaifiyata kafin in rubuta, ta ce in rubuta, tun da abin da ake ɓoyewa ya riga ya fito.

Saura 'yan kwanaki a ga wata, likitocin asibitin Shika suka shaida wa Umma tana da ciwon dajin mama. Baba ya kira mu ɗaki, ni da Yaya, ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Auta. Ita kuwa Auta shekarunta 11, tana shirin jarrabawar shiga sakandare, ga ta da sa abu a rai. Yarinyar da in kaza ta mutu a gidanmu sai ta yini ba ta ci abinci ba. Muka ce, "To, Baba."

Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Kullum in an dawo daga asham, gida ya yi tsit, sai in ɗauko kwamfutar Yaya in shiga intanet, in yi ta tambaya: mene ne wannan ciwo, ana warkewa, nawa ne kuɗin magani. In na gama sai in goge jerin shafukan da na buɗe, ina ganin na yi wayo. Ashe kifi na ganinka, mai jar koma.

Ran wata Asabar Auta tana gwada tambayoyin lissafi a wani shafi, sai ta kira ni, ta ce, "Yaya ƙarami, zo ka gani. Me ya sa kwamfutar nan ba ta da talla sai ta asibitin ciwon daji?" Na leƙa. Ga talla nan a gefen shafin, hoton wata mata da likita, wai a zo wata ƙasa a yi magani. Gabana ya faɗi. Na ce mata ai haka suke yi wa kowa, na rufe kwamfutar na ce caji ya ƙare. Allah ya gafarta mini, ƙarya biyu a jere, ga baki da azumi.

Ran Litinin da aka tashi na tsaya na sami Malamin kwamfuta. Ban gaya masa kome game da Umma ba, na dai ce, "Malam, yaya aka yi shafin lissafi ya san abin da na karanta a wani shafi dabam, alhali na goge?" Ya dube ni ya ɗan jima, bai tambaye ni abin da na karanta ba, har yau ina gode masa a kan wannan. Ya ɗauki alli ya zana rumfunan kasuwa a allo.

Ya ce, "Ka ɗauka kowane shafi rumfa ce. To, akwai wani dillali da ya zaunar da yaronsa a kowace rumfa. Ka shiga rumfar mai magani, yaron ya liƙa maka wata 'yar shaida a bayan riga ba ka sani ba. Ka shiga rumfar mai littattafai, yaron da ke can ya ga shaidar, ya ce, af, ga mutumin nan mai neman magani. Wannan shaida ita ake kira kuki. Kai ka goge sawunka, ita kuwa tana nan a rigarka." Ya ce ba dukan kuki ne mugu ba, da shi ne shafi ke tuna ka riga ka shiga, ba sai ka sake rubuta kalmar sirri ba. Na dillalin shi ne abin gudu.

Daga nan ya nuna mini wata burauza, watau manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, mai suna Firefox. Tambarinta wata dabba ce ja mai kama da dila ta naɗe jela. Na ce a raina, dila malamin daji, sai dai ko a sa shi gadin kaji! Malam ya ce asalinta daga Amurka ne. A 1998 kamfanin Netscape ya saki rubutun da ya gina burauzarsa da shi ga jama'a, daga nan aikin Mozilla ya taso, aka fitar da Firefox ta farko cikin Nuwamba 2004. Rubutun nan a buɗe yake, duk wanda ya iya yana da damar ya karanta, ya ga kuskure ya faɗa, ko ya gyara ya aika. Kamar mai tuwo ce da ta yarda ka shiga madafarta ka ga abin da take zuba wa miya. Ni ban iya karanta shi ba, amma waɗanda suka iya suna da yawa, kuma ba duka ne ke cin albashin masu ita ba.

Abin da ya fi shafata shi ne gyare-gyaren da aka yi mata a 'yan shekarun nan. Tun Satumba 2019 take tare yaran dillalan da aka sani, ba sai ka ce ta yi ba. A Yuni 2022 kuma aka kunna wa masu kwamfuta wani tsari da ya fi wannan. Kowane shafi an ba shi akwatinsa, kamar 'yan makarantar kwana, kowa da nasa akwati da kwaɗonsa. Shaidar da aka liƙa maka a rumfar mai magani, a akwatin rumfar za ta zauna, yaron da ke rumfar littattafai ba shi da mabuɗi. Akwai wasu kuma: tun 2020 ana iya sa ta ta gargaɗe ka kafin ka shiga shafin da bai kulle saƙonsa ba, a 2023 ta fara fassara shafuka a cikin kwamfutar kanta ba tare da aika rubutun ko'ina ba. Harsunan Turai aka fara da su, babu Hausa.

Da daddare na roƙi Yaya, muka sa ta. A gefen wurin rubuta adireshi akwai wata 'yar garkuwa. Na buɗe shafin lissafin Auta na danna ta, sai ga jerin sunayen waɗanda aka tare, ban taɓa jin ko ɗaya ba. Kai, jama'a! Mutanen da ba su san ƙofar gidanmu ba sun riga kakata sanin akwai mai ciwo a cikinsa. Wannan ya fi kome yi mini zafi.

Sai dai Malam bai bar ni na yi ta murna ba. Ya ce taga ta sirri da ake buɗewa tana hana na kusa da kai ganin inda ka shiga, amma ba ta ɓoye ka daga kamfanin da ke ba ka intanet. In kuwa ka shiga da sunanka cikin wani asusu ka yi bincike, to, kai da bakinka ka faɗa, babu garkuwar da za ta yi maka magani. Ya ƙara da cewa yawancin kuɗin Mozilla daga Google yake fitowa, ladan sa injin bincikensa a gaba. A Fabrairun 2025 ma sun fitar da sababbin sharuɗɗa, jama'a suka yi ca a kansu, har suka sake rubutun bayan 'yan kwanaki. Na ce ashe dai zargin da na yi wa dila bai tashi a banza ba. Duk da haka ita muka riƙe, tallar nan kuwa ba mu sake ganinta ba.

Auta ta yi jarrabawarta cikin watan Yuni. Da yamma Baba ya kira ta, Umma na zaune, ya fara kewaye-kewaye yana neman ta inda zai soma. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai na sani tun kafin Sallah. Na ga katin asibiti a jakar Umma da ta aike ni in ɗauko mata carbi."

Umma ta ce, "To, me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Na ga kuna ta ƙoƙari kada in sani."

Umma ta jawo ta jikinta. Ni kuwa na tashi na fita tsakar gida, wai zan duba ko an kawo wuta.