Ba a Kiwon Kare Ranar Farauta

A makarantar nan in ka ce kana da kare, kallo biyu za a yi maka. Wasu su ɗauke ka ɗan tauri, wasu kuma su zaro waya su ce nuna mana hotonsa, wai ko irin na Turawa ne. To nawa dai ba shi da takarda. Sunansa Duna, baƙi ne, tsayinsa iya gwiwata, kuma duk jarinsa hancinsa ne.

Ni ɗan Bunkure ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja kanal ta ratsa ƙasarmu har Kura da Garun Malam, mutanenmu ba su san hutun rani ba: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara. Inda abinci da ruwa suka haɗu kuwa, gafiya da burgu da ɓera ba sa jiran gayyata. Su ci amfani, su kuma haƙe gefen kwami, ka kwana kana ban-ruwa ashe maƙwabci kake shayarwa. Nan aikin Duna yake. Da asuba, kafin raɓa ta bushe, zai sa hanci ƙasa ya bi sawu har bakin rami, ya tsaya yana karce ƙasa. Damshi ne ke riƙe ƙanshi; rana na ɗagawa sawun ya gudu. Wannan baiwar ce ta sa tun 1984 Amurka take amfani da karnukan da ake kira Bigil a filayen jirgin sama, suna shinshino abincin da aka ɓoye a jaka.

Wani abokina a hostel ya taɓa ce min, "Kai malam, kare fa?" Na ce masa ya tambayi malaminsu. An yi rangwamen ajiye kare don farauta da tsaron gona da kiwo, kuma Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbar da aka horar don kamu. Sharaɗin Baba ɗaya ne: Duna ba ya shiga cikin gida, kwanonsa daban, rumfarsa a bayan danga.

Kula da shi ba wasa ba ne. Yana cin ragowar tuwo da abin da na samo wurin mahauta, amma ban da miyar da aka cika wa albasa, don albasa tana lalata jinin kare, mu kuwa ga ta nan buhu-buhu. Ban da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soki hanji. Duk yamma sai an duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Sai allurar haukan kare: ta farko yana wata 3, sannan duk shekara. Wannan ba don shi kaɗai ba ne. Yara suna wanka a kanal, kuma ciwon nan in ya riga ya bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kar ya tsaya jiran ganin hali.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne guba. Manomi ya gaji da ɓarna, ya barbaɗa maganin ɓera a kan dusa ya ajiye a kunya. Ɓera ya ci ya fara layi, kare ya cafke. Haka muka rasa uwar Duna, cikin yini ɗaya, tana kumfa. Wanda ya sa maganin bai nufe ta ba, hatsinsa yake karewa. Baba ya same shi ya ce, "Malam, ba rigima na zo yi ba. In za ka sa magani ka aiko yaro ya faɗa mana, mu ɗaure namu." Tun daga ranar haka ake yi a layinmu na gonaki, har da binne gwangwanin maganin feshi maimakon jefa shi a ruwa.

Yanzu da nake makaranta, ƙanina ne ke riƙe da shi. Kuɗin allurar bana daga kuɗin abincina na cire, na sha garin kwaki na kwana biyu. In na kira gida, bayan na gaida Inna, tambayata ta gaba ita ce, "Auta, ka duba masa kunne?"

Masu sha'awar sayen kare don hoto a Facebook, ku fara lissafi tukuna. Kare yakan yi shekara goma ko fiye, karatunmu na diploma shekara biyu ne. Kafin ka karɓo ɗan kwikwiyo, ka san wa zai ba shi ruwa a zafin Afrilu ranar da kake cikin jarrabawa.