Baƙin da Suka Ƙi Tuwonmu

Mu ɗaliban Hausa mun saba da kunkuru a takarda. Mun san shi a karin magana, inda aka ce ya so dambe amma ba shi da yatsa. Mun kuma ji a darasin adabin baka cewa matsayin da Gizo yake riƙe da shi a tatsuniyoyinmu, watau na wayo da zamba, kunkuru ne yake riƙe da shi a wajen Yarabawa, masu kiransa Ijapa, da kuma Ibo, masu kiransa Mbe. Da wannan ɗan guntun sani na ɗauka na san kunkuru, har ranar da Allah ya haɗa ni da guda biyu masu rai, suka nuna mini iyakar karatuna. Labarin abin da ya gudana tsakanina da su shi ne zan bayar a nan, ko wani ya amfana, domin an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A hutun hunturu ne, cikin watan Disamba, na koma gida ƙauyenmu a ƙasar Shanono, can arewa maso yammacin Kano, dab da iyakar Jihar Katsina. Ran kasuwa ina zagawa a layin masu sassaƙe da saiwoyi, sai na ga buhu yana motsi a gefen wani mutum. Da ya kwance bakinsa sai ga kunkuru biyu, ɗaya ya kai girman ƙwaryar fura, ɗayan kuwa bai fi tafin hannuna ba. Ya ce daga arewa aka kawo su, ƙetaren iyaka. Na tambaye shi abin da suke ci, ya ce, "Malam, ai kunkuru ba shi da wahala. Duk abin da ka ci shi zai ci, in ma ka manta da shi shekara guda ba abin da zai same shi." Na yarda, na biya daga ɗan abin da na rage na guzurin makaranta, na riƙo buhu ina murna zan faranta wa ƙanwata rai.

Bahaushe ba ya wasa da baƙo, saboda haka muka yi musu irin karɓar da muka sani. Na sa su cikin wani tsohon daro, na ajiye a kan simintin ɗakina don kada kare ya taɓa su. Yaran unguwa suka cika gida, wannan ya ɗaga, wancan ya ƙwanƙwasa bayansu da tsinke don su fito da kai. Da dare aka gutsura musu tuwon dawa, da safe ɗumame. Da suka ƙi, sai aka gwada burodi jiƙe da shayi, aka gwada fura, aka gwada dafaffen wake, har ƙanwata ta sadaukar da tsokar kifinta. Duk wannan liyafa kiyashi ne suka cinye. Su kuwa baƙin sun janye kai da ƙafa sun shige ɓawonsu, ba ka jin kome sai ɗan huci idan an taɓa su. Kwana uku, kwana biyar, har aka yi mako, ko ƙwayar hatsi ba su saka a baki ba.

Ran kwana na takwas kakata, mahaifiyar babana, ta leƙo ɗakin ta same ni tsugune ina ƙoƙarin buɗe bakin ƙaramin da kara don in ɗura masa koko. Ta riƙe haɓa ta ce, "Maigidana, kashe shi za ka yi? Kai ran da aka kai ka makaranta Kano, kwana nawa ka yi kafin abincinsu ya shiga cikinka?" Na yi shiru, don kuwa na tuna makon farko da na yi a jami'a, ga abinci a gabana amma kewar gida da hayaniyar baƙin fuskoki sun toshe mini maƙogwaro. Sa'an nan ta ba ni labarin wani ƙaton kunkuru da yake gidan mahaifinta tun tana yarinya. Ta ce shi da kansa ya haƙa rami a ƙarƙashin rumbu, idan sanyi ya shigo ba a ganinsa sai hantsi ya dubi ludayi, ya fito ya sha rana, ya ɗan tsinki ciyawa, ya koma. "Ban taɓa ganin an ba shi tuwo ba," in ji ta, "kuma har aka yi mini aure yana nan."

Kashegari na ɗauke su a kwali zuwa wajen wani malamin dabbobi, kuma abin da ya gaya mini bai saɓa da na kakata ba, sai dai shi ya kawo dalili. Ya ce kunkuru, kamar ƙadangare da damo, jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi, daga rana da ƙasa yake aro. Idan jikin ya yi sanyi, hanjinsa ba ya iya narka abinci, don haka sha'awar ci takan ɗauke gaba ɗaya. A ƙasarmu kuwa, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin zafi, ga shi na kwantar da su cikin ƙarfe a kan siminti, inda rana ba ta shiga. Bugu da ƙari, dabba ce mai tsoro da son maɓoya. An ciro ta daga raminta, ta kwana da kwanaki cikin buhu ba ruwa, ta faɗo hannun yara, to, ko lafiyarta ƙalau tana iya yin kwanaki ba ta ci ba kafin hankalinta ya kwanta. Daɗin daɗawa, abincin nata ciyawa ce da ganye masu kaushi. Tuwo da burodi da madara da kifi ba nata ba ne, kuma idan ta saba da irinsu sukan lalata mata ciki da ƙoda, ɓawonta ya taso da tudu-tudu.

Da ya duba babban sai ya ce ƙishirwa da sanyi ne kawai suke damunsa. Amma da ya ɗaga ƙaramin, ya nuna mini idanunsa sun kumbura sun rufe, ga 'yar kumfa tana fita daga hancinsa, kuma ba shi da nauyi a hannu, sai ka ce busasshen ƙoƙo. Ya ce sanyin ya sauka masa a huhu, ya yi masa allura, ya ce sauran sai Allah. Ya kuma gargaɗe ni da ɗure, domin abin da aka ɗura yana iya bin hanyar numfashi. Na tuna karan da kokon, gabana ya faɗi. Ran kwana na goma sha biyu muka wayi gari ƙaramin ya miƙe wuya waje, karo na farko da na ga kansa sosai, amma ba rai. Ƙanwata ta binne shi a bayan rumbu tana kuka. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne hadisin nan na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ni na ciyar a ganina, amma rashin sani ya fi dare duhu.

Babban kuwa muka sake masa zama. Na kewaye wani lungu a bayan gida da tubali, inda hasken safe yake fara sauka kuma katanga take tare iskar hunturu, na bar masa ƙasa da rairayi yadda zai iya tono. Na binne rabin fasasshiyar randa a kwance, na cusa busasshiyar ciyawa ciki, ta zama ɗakinsa. Kullum da hantsi nakan zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda bai wuce haɓarsa ba, kamar minti ashirin. A rana ta biyu na ga ya tsoma baki yana zuƙa a hankali, maƙogwaronsa yana motsi. Kakata ta kafa doka, ba yaron da zai ƙara ɗaga shi, wanda kuma ya taɓa shi don aiki sai ya wanke hannu da sabulu, domin malamin ya ce irin waɗannan dabbobi suna ɗauke da ƙwayar cuta mai sa gudawa. Da yake ciyawar gona ta bushe, sai nakan je fadama wajen masu lambu in yanko ɗanyar ciyawa, in haɗa da ganyen yakuwa da na kabewa, in zuba a bakin randar, in tafi abina.

Ran kwana na goma sha shida na ɗora 'yar yankar kabewa a kan ciyawar, saboda an ce abu mai launin ja ko rawaya yana jan idonsu, na koma na laɓe a bayan zana. Can sai ga kai ya leƙo, ya tsaya, ya ja da baya, ya sake leƙowa. Ya tako a hankali, ya shinshina, ya dafe kabewar da ƙafa, ya gatsa. Bai ci abin da ya fi lomar jariri ba, amma wallahi ban yi farin cikin cin jarrabawa kamar na wannan loma ba. Daga nan ya kama ciyawa, har ta kai ba ya jiran kabewa.

Da na koma makaranta na bincika asalinsa, sai al'amarin ya ƙara yi mini nauyi. Ƙahonnin da suke bayan cinyoyinsa sun nuna irin kunkurun Sahel ne, wanda masana suke kira Centrochelys sulcata, mazaunin bakin hamada tun daga Senegal da Muritaniya har zuwa Habasha. In aka cire manyan kunkuran tsibiran Galapagos da na Aldabra, babu na tudu da ya kai shi girma a duniya. Yana iya wuce kilo 50, ya kuma haura shekara 70. Wanda ya yi suna a fadar Soun na Ogbomosho, mai laƙabi Alagba, ya mutu a watan Oktoba na shekarar 2019, fada ta ce yana da shekara 344, ko da yake masana sun yi shakkar wannan lissafi. Duk da wannan tsawon rai, irinsa yana ƙarewa a daji, saboda noma da kiwo sun cinye masa makiyaya, masu kamawa don sayarwa kuma sun bi shi har rami. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, a 2021 kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da suke fuskantar haɗarin ƙarewa. Ashe kuɗin da na miƙa a kasuwa ladan mai kamawa ne, domin ya koma ya kamo wasu.

Na yi tunanin sakinsa, amma ina? A ƙasar Shanono gona tana jingine da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, da kaka kuma a kwashe kara da harawa, awaki su share abin da ya rage. Babu dajin da zai shiga wanda fartanya ko yaro ba za su iske shi ba. Saboda haka ya zama amana a wuyana, wadda mai yiwuwa ne ta wuce ni ta faɗa kan 'ya'yana.

To, 'yan'uwana ɗalibai, shawarata ita ce, wanda ya ga kunkuru a buhu ya bar kuɗinsa a aljihu. Wanda kuwa ya riga ya shigo hannunsa kuma ya ƙi ci, kada ya fara da canza masa abinci. Ya fara duba makwancinsa, ya ba shi rana da maɓoya da ruwa, ya kore masa hayaniya, sa'an nan ya zuba ciyawa ya yi haƙuri. Idan ya ga kumfa a hanci ko kumburin ido, ya garzaya wajen malamin dabbobi a ranar. Na koyi cewa karamci ba ya cika sai mai gida ya san halin baƙonsa, kuma ran kunkuru guda aka biya kafin in koya. Yanzu ƙanwata ce take yanko masa ciyawa, kakata tana sa ido, kuma a saƙon da aka aiko mini na ƙarshe an ce ya watsar da randar ya fara haƙa nasa ramin. Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci, amin.