Yaya, Ina Roƙon Kekenki

Yaya,

 Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Roƙo nake kawo miki. Kin san gidan mafakar nan na Kaduna da nake taimakawa, inda ake ɓoye matan da duka ya koro daga ɗakunansu. Yawancinsu da goyo suke zuwa, wata da yaro a baya, wani a hannu, ba ko kayan canji. A da mace kan yi yaji ta tafi gidan iyaye har a zo biko. Waɗannan matan sun je gidan iyaye, an ce musu "aure ɗan haƙuri ne, koma ɗakinki", suka koma, abin ya ƙara muni.

Abin da ke hana su barci shi ne 'ya'ya. Miji ya ce in ta fita ba za ta ƙara ganinsu ba, ita kuma ta yarda, domin ba wanda ya taɓa faɗa mata cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana kan uba. Akwai dokar tarayya ta hana cin zarafi, VAPP, ta 2015, jiharmu ta yi tata a 2018, lauyoyin FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, kuma suna tsaya wa mata a kotu. Sai dai takardar kotu ba ta sayen garin kunu. Macen da ba ta da sana'a, yunwar yara ce ke mayar da ita hannun wanda ya karya ta, kuma wannan yana ƙona mini rai.

Saboda haka ki ba mu tsohon keken ɗinkinki da ke ajiye, in da hali ki riƙa zuwa ranar Asabar kina koya musu yanka. Ki yi wa matan adashinku magana su haɗo sabulu, audugar mata, zannuwa da kayan makarantar yara. Amma don Allah kada ki gaya wa kowa inda gidan mafakar yake, ko da ɗan'uwa ne ya zo da niyyar sulhu.

Ina jiran amsarki kafin Juma'a. Ki gaishe mini da Inna.

Taki,
Ƙanwarki