Ban Ruwan Siririn Filin Ciyawa

A ganina, jama'a, mai siririn filin ciyawa a gefen katanga kada ya sayi na'urar feshi mai juyawa, don linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kewaye take watsa ruwa, ya zuba a titi, ya jiƙa gindin gini, ga kuwa rani.

Ni dai tiyo mai ƙananan huji na shimfiɗa, yana tsiyaya da asuba kafin iska ta taso. Wanda ya nace wa feshi, to ya nemi bakin da ke zuba ruwa a miƙe.

A jihar Kalifoniya ta Amurka ma, dokar 2015 ta hana feshin da ke tsallake iyaka a sabon filin da faɗinsa bai kai ƙafa 10 ba.