Augusta Stein, Uwar da Ba Ta Bar Majami'a Ba

Ran 11 ga Oktoba 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa sunan Edith Stein cikin tsarkakan Ikkilisiya. Masu bi da yawa sun san labarinta: Bayahudiya ce 'yar ƙasar Jamus, mai zurfin ilimi, ta karɓi baftisma, ta zama sista, aka kashe ta a sansanin Auschwitz a 1942. Amma in an zo kan uwarta, sai a faɗi kalma biyu a wuce, sai ka ce wani dutse ne da ya tare wa 'yar hanya. Wannan ba adalci ba ne. Matar tana da suna, Augusta, tana kuma da nata labari.

An haife ta a 1849 a wani ƙaramin gari mai suna Lublinitz. Ta auri Siegfried Stein, mai cinikin katako, ta haifa masa 'ya'ya 11, huɗu suka rasu tun suna ƙanana. A 1890 suka ƙaura zuwa Breslau, birnin da yanzu yake cikin ƙasar Folan, ana ce da shi Wroclaw. A nan ta haifi autarta Edith ran 12 ga Oktoba 1891. Ranar kuwa ta faɗo daidai da Ranar Kafara, babbar ranar azumin Yahudawa, wadda aka ba da ka'idarta a Littafin Firistoci sura 16. Augusta ta riƙe wannan a zuciyarta, ya ƙara mata ƙaunar yarinyar.

Edith ba ta cika shekara biyu ba mijin ya rasu a 1893, yana cikin tafiyar ciniki. Ya bar mata yara bakwai da bashi. Dangi suka ba ta shawara ta rabu da sana'ar, gama a ganinsu katako ba aikin mace ba ne. Ta ƙi. Ta ɗaura ɗamara ta shiga filin katako da kanta, ta koyi sanin itace tun yana tsaye a kurmi, ta yi ta tafiye-tafiye tana saye. Sannu a hankali ta biya bashin kakaf, har a 1910 ta sayi babban gida. Masassaƙa matalauta sukan ɗauki kaya a wurinta ba kuɗi a hannu, waɗansu su biya, waɗansu su cuce ta, duk da haka hannunta bai rufe ba. Takan ce wa 'ya'yanta ba ta iya tunanin cewa ƙarfinta ne ya yi wannan duka, lalle akwai Wanda ya riƙe ta. Iyakar hujjarta ke nan a kan Allah, ta kuwa ishe ta.

Yaran suka girma, yawancinsu suka yi sanyi da addini. Edith ma tana wajen shekara 14 ta daina addu'a da gangan. Uwar ta ji zafi, amma ta haƙura. Ta bar ta ta tafi jami'a, har ta sami digirin dakta a 1916. Abin da haƙurinta ya kasa ɗauka ya zo daga baya: ran 1 ga Janairu 1922 aka yi wa Edith baftisma a Ikkilisiyar Katolika. Da ta koma gida ta faɗa wa uwarta, ta zaci faɗa za a yi. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi. Matar da ta binne miji da 'ya'ya huɗu ta tashi ta ci gaba da aiki, ga ta tana hawaye a gaban autarta.

Mai bi zai iya yin mamaki, me ya sa rashin addu'ar 'yar bai karya ta ba, sai baftisma? Sai a tuna da abin da Yahudawan Turai suka sha ɗaruruwan shekaru a hannun masu amsa sunan Almasihu. An kore su daga Ingila a 1290, daga Sifen a 1492, an tilasta wa da yawa baftisma, an zarge su da jinin Yesu. A idon Augusta ɗan da ya bar addu'a yana nan cikin gida, wata rana zai farka. Wanda ya yi baftisma kuwa ya haye zuwa wancan gefe. Laifin wannan tsoro ba a kanta yake ba.

Duk da haka zumunci bai yanke ba. In Edith ta zo hutu takan raka uwarta majami'a, ta buɗe nata littafin addu'a, tana bin Zabura ɗaya da wadda jama'a suke rerawa. Uwar takan dube ta, ta ga yarinyar da ta bar addu'a tana addu'a da dukan zuciya, amma ta wata ƙofa dabam.

A 1933 Hitila ya hau mulki. Aka hana Edith aikin koyarwa saboda jininta na Yahudawa, cinikin gidan ma ya soma lalacewa. A cikin wannan shekara ce ta shaida wa uwarta za ta shiga gidan sistocin Karmel a birnin Kolon, inda wadda ta shiga ba ta fitowa ziyarar gida. Augusta tana da shekara 84. A ganin dangi, Edith ta zaɓi lokacin da ake farautar jama'arta ta juya musu baya.

Ranarta ta ƙarshe a gida ita ce 12 ga Oktoba, ranar haihuwarta, ƙarshen Idin Bukkoki kuma. Suka tafi majami'a tare. Da aka tashi tsohuwar ta ce da ƙafa za su koma, ko da yake tafiyar da nisa. A hanya ta tambayi 'yar ko mutum ba zai iya zama mai tsoron Allah yana Bayahude ba. Edith ta amsa zai iya mana, in bai san wani abu gaba da haka ba. Sai uwar ta tambaye ta, cikin ɓacin rai, don me ita ta san shi. Ta ce ba ta da wata mugunyar magana a kan Yesu, mai yiwuwa mutumin kirki ne ƙwarai, amma don me ya mai da kansa Allah? Duk wanda ya taɓa barin addinin gidansu saboda Almasihu ya san irin wannan tafiya, inda kowa yake faɗin gaskiyar zuciyarsa, ba kuwa mai iya ta'azantar da ɗan'uwansa. Da dare, bayan baƙi sun watse, Augusta ta rufe fuska da hannu ta yi ta kuka. Edith ta rungume kan nan mai furfura, ta kai ta ɗaki, ta zauna a bakin gado. Kashegari ta shiga jirgin ƙasa. Ba su ƙara ganin juna ba.

Daga Kolon Edith takan rubuta mata wasiƙa kowane mako. An daɗe ba amsa. Daga baya tsohuwar ta fara ƙara 'yar gaisuwa da hannunta a ƙarshen wasiƙun Rosa, yayar Edith. Layi kaɗan ne, amma daga irin wannan mace ba ƙaramin abu ba ne.

A 1936 ciwon daji ya kama ta a ciki. Ta yi watanni a kwance, jikin da bai saba da zama ba yana ta ramewa, 'ya'yanta mata suna jinyarta. Autar da ta fi so ba ta kusa. Ta rasu ran 14 ga Satumba, tana da shekara 86. A Ikkilisiya ranar ce ta Idin Ɗaukaka Gicciye, ranar da sistocin Karmel suke sabunta wa'adinsu. Edith ta faɗa wa wata 'yar'uwarta sista cewa sa'ad da take faɗar nata wa'adi ta ji uwarta a tsaye kusa da ita. Sai ga saƙon waya daga Breslau, lokacin rasuwar ya yi daidai da wannan sa'a.

Ba a jima ba jita-jita ta tashi, wai tsohuwar ta karɓi Almasihu kafin ta cika. Masu bi suna son irin wannan ƙarshen labari, yana da daɗin faɗa a wa'azi. Edith ta ƙaryata shi sarai a cikin wasiƙa. Ta ce uwarta ta riƙe addininta har numfashin ƙarshe. Ta kuma ce da yake dogarar tsohuwar ga Allah ba ta taɓa jijjiguwa ba tun ƙuruciya, ita ce kuma abin da ya rage mata a cikin azabar ciwo, tana sa zuciya ta sami alƙali mai jinƙai. Ba ta yi wa matacciya baftismar baki ba. Ta girmama uwarta yadda take, ta bar shari'a ga mai ita.

Rosa, wadda ta daɗe da ba da gaskiya amma ta jira don kada ta ƙara wa tsohuwar ciwo, ta karɓi baftisma ran 24 ga Disamba na wannan shekara. A Agusta 1942 aka kama ta tare da Edith a Echt ta ƙasar Holan, aka kai su Auschwitz. Paul da Frieda, yayyensu, suka mutu a sansanin Theresienstadt. Cikin yara bakwai da Augusta ta goya da kuɗin katako, huɗu ke nan. Ita tana kwance a tsohuwar makabartar Yahudawa ta Wroclaw, inda aka binne mijinta. Rosa da Edith ba su da kabari.