Ranar da Aka Jefi Kotu a Bauchi

Ranar 13 ga Janairu, 2014 muka ji cewa Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Ashe tun 7 ga wata ya sa, fadarsa ta yi gum da maganar. Shekara 14 a gidan yari ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya halarta, ko ya taimaka, ko ya kafa musu ƙungiya. A lokacin ina aika wa wani gidan rediyo rahoto daga Bauchi. Daga teburan masu shayi na Wunti har rumfunan kasuwar Muda Lawal, mutanen da ko sunan Jonathan ba sa son ji sai da suka sa masa albarka a wancan makon.

Maganar ta daɗe tana yawo a Abuja. Gwamnatin Obasanjo ta kai ƙudurin majalisa a 2006, ya kwanta. Da ya sake tasowa a 2011, sai ga Firaministan Birtaniya David Cameron yana barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta 'yan luwaɗi. Wannan ya rura wutar: abin ya tashi daga batun aure ya koma batun ko Bature ne zai gaya mana yadda za mu zauna. Majalisar Dattawa ta David Mark ta zartar a Nuwamban shekarar. Ni dai a ganina Jonathan ya sami rumfar fakewa ne. Gwamnoni biyar sun fice daga PDP, Sanusi Lamido Sanusi ya rubuta masa wasiƙa kan kuɗin mai da suka yi ɓatan dabo, Boko Haram na cin garuruwa. Wannan ce kaɗai maganar da liman da fasto za su tafa masa tare.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, samarin da aka gurfanar a kotu a Bauchi a lokacin bisa zargin luwaɗi ba da dokar Abuja aka tuhume su ba. An fara kama su tun kafin a sa mata hannu, kuma da dokar shari'ar Musulunci ta jihar, wadda ke aiki tun 2001, aka shigar da ƙararsu. Amma a titi babu mai wannan lissafi.

Ranar 22 ga Janairu na isa kotun da ke Unguwar Jaki da hantsi, hazo ya rufe gari. Cikin ɗakin ba masaka tsinke, waje kuma ya fi ciki. Alƙali yana bin abin a tsanake, yana neman wanda ya gani da idonsa, domin haddi ba ya tabbata da "an ce". Wannan tsanakin ne jama'a suka ɗauka a matsayin rufa-rufa. Kabbara ta fara tashi daga baya, sai dutse na farko ya faɗo ta taga. Magatakarda ya kife fayil a kansa ya durƙusa bayan tebur. Daga nan ruwan duwatsu. Jami'an tsaro suka yi harbi sama, suka cusa waɗanda ake tuhuma a mota, alƙali ya ɗage zama.

Na fake a bakin wani zaure, inda na tarar da wata dattijuwa riƙe da kular abinci, ta ja mayafi har kan hancinta. Na ce, "Baba, ki bar nan, wurin ya ɓaci." Ta ce, "Ɗan nan, tuwo na kawo masa, jiya ma bai ci komai ba." Ban tambaye ta wane ne ba. Wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba ya wuce mu a guje da rabin bulo a hannu, yana tambayar abokinsa me suka yi.

Da yamma editana ya ce in cire dattijuwar daga rahoton, kada a ce tashar tana tausaya musu. Muka sa martanin Sakataren Harkokin Wajen Amurka John Kerry kan dokar, muka sa na malamai, aka wuce.

A farkon Maris kotun ta yanke wa huɗu daga cikinsu bulala 15 da tarar naira 20,000 kowanne. Ba a jefe kowa ba. Sai dai tun a Fabrairu, a unguwar Gishiri da ke Abuja, matasa sun bi gida-gida cikin dare da sanduna suna fito da waɗanda suke zargi, suna cewa aikin Jonathan suke tayawa.