Gobir Ta Gabas: Asusu Ɗaya Domin Lafiyar Kowa

Gabashin jihar Sakkwato ƙasa ce ta gero da fadama. Na ratsa ta bayan kaka, daga Goronyo zuwa Sabon Birni, kusa da kufan Alƙalawa, birnin Gobirawa da ya faɗi a 1808, sannan na wuce Isa da Bafarawa. Kowa ya ji labarin 'yan bindigar wannan yanki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ciwo ke cinye ɗan abin da ya tsira daga hannunsu.

Duk inda na yada zango, da wuya hira ta ƙare ba a ambaci kuɗin asibiti ba. Wannan ya sayar da akuya domin a ƙara wa ɗansa jini bayan zazzaɓin cizon sauro, wancan ya jinginar da gona domin a yi wa matarsa tiyatar haihuwa. A wani shagon magani na ga ana sayen rabin ƙwayoyin da aka rubuta, saboda nan kuɗin ya tsaya. Idan ciwo ya gagari asibitin ƙaramar hukuma, sai Sakkwato, kuma kuɗin mota kaɗai kan sa a haƙura a koma gida.

Haka abin yake a faɗin Nijeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya ke fitowa daga aljihun majinyata da danginsu. Dokoki kuwa akwai su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. Jihar Sakkwato ma tana da hukumarta, SOCHEMA. Sai dai ginshiƙin inshorar karo-karo shi ne albashi, wanda ake yankar wani kaso daga cikinsa kowane wata. Manomin Bafarawa ba shi da albashi, kuma wanda aka kora daga ƙauyensa ba shi da abin zubawa.

Saboda haka nake ganin mafita ita ce asusu ɗaya na ƙasa, wanda za a riƙa cikawa daga haraji, shi kuma ya biya kuɗin maganin kowane ɗan ƙasa a duk asibitin da ya je. Mai hali ya tallafi maras hali, mai lafiya ya tallafi majinyaci. Wanda ya yi gudun hijira daga Isa zuwa Sakkwato ya tafi da haƙƙinsa. Asusun da ke saye wa miliyoyin mutane magani kuma yana da ƙarfin taya farashi. Birtaniya ta kafa irin wannan tsari a 1948, lokacin da ba ta gama farfaɗowa daga yaƙi ba.

Akwai darasi a tsallaken iyaka, a jihar Maraɗi, inda Tsibirin Gobir take, kuma inda dubban mutanen Sabon Birni suka samu mafaka tun 2019. Nijar ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, iyaye mata suka yi ta kai 'ya'yansu asibiti. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin kuɗinsu, har magunguna suka riƙa yankewa. Asusu ɗaya ba ya tsayawa sai da biya a kan kari, da binciken kuɗi a bainar jama'a, da tsaron da zai bar ma'aikacin lafiya ya kwana a wurin aikinsa.

A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Nijeriya ba ta taɓa cika shi ba. Wakilan Isa da Sabon Birni a majalisun jiha da na tarayya su ne suka fi cancantar tayar da wannan magana, domin mutanensu ne ke biyan bashin da dabbobinsu da gonakinsu.